Tambaya ta Bakwai

Laraba, ƙarfe goma da wani abu,
fankar ƙaramin asibitinmu na Rigasa
tana juyi kamar an yi mata dole.
Gwaggonsa ce ta kawo Nafi'u,
shekara sha shida, tsayi ya riga ƙiba zuwa.
Ciwon kai ne, in ji ta. Ku ba shi magani
mu tafi, na bar wake a wuta.

Na ce, Hajiya, ɗan jira mu a benci.
Ta yi mini kallon mai cewa
me zai gaya miki da ban sani ba,
ni da na goya shi?
Amma ta fita. Na ja labule.

Takardar tambayoyin ta sha gurzawa
har baƙin ya koɗe, ni kuwa na haddace ta.
Kana cin abinci? Ina ci.
Makaranta fa? Na bari, faci nake koyo a bakin tasha.
Barci?
Ya dubi kalandar bara da muka manta a bango.
Ya ce, kiran sallar fari ido biyu yake samuna.

Ba a fara cewa kai.
Sai na ce, cikin abokanka
akwai mai shan wani abu?
Ya ce, akwai wani yaro.
Sholisho yake shaƙa, in ya samu kuɗi ya sayi na tari.
Me yake ji in ya sha?
Shiru, Sista. Kansa ne ke yin shiru.
Tun yaushe?
Tun da aka tare babansa a hanyar Birnin Gwari.
An sayar da gona, an kai kuɗin.
Har yau ana jiƙa masa shayi da safe bisa mantuwa.

Gam ya bushe a gefen farcensa.
Na gani, na mayar da idona kan biro.

Saura ta bakwai.
Shekara sha tara ina wannan aiki
kuma har yanzu sai na haɗiye yawu kafin in yi ta:
yaron nan, ya taɓa cewa da ma babu shi?

Jirgin ƙasa ya yi kuka, ya gama.
Wani jariri a layin rigakafi ya karɓa.

Wani lokaci, ya ce.
Yau fa?
Yau da sauƙi.
Sai ya sa goshi a kan teburin
daidai inda fenti ya ɓare,
ya ce, Sista, babu wani yaro.

Na ce, na sani, Nafi'u. Sannu.
Litinin likita zai zo daga Barnawa, sunanka ne na farko.
Amma daga nan zuwa Litinin akwai dare biyar,
ba zan bar ka da su kai kaɗai ba.
In kira ta?

Ya daɗe.
Sannan ya gyaɗa kai, bai ɗago ba.

Na buɗe labule. Tana tsaye, ba ta zauna ba tun ɗazu,
mayafi a dunƙule cikin hannunta.
Waken nan dai ya ƙone ranar,
ba ta ƙara ambatonsa ba.