Ƙarfe Mai Barci

Babana mai walda ne a Panteka.
Yakan ce, Tabawa, ƙarfe kurma ne,
ba ya jin kira sai ya ga wuta.
Ni kuwa ina leƙe ta baƙin gilashinsa,
tartsatsi na zuba kamar ana sheƙar gero.

Da sankara ta kama masa maƙogwaro
aka ɗaura masa ruwan magani.
Maganin bai san gona ba, bai san daji ba,
ya ƙone ciyawa ya haɗa da dawa.
Gashi ya zube, farce ya yi baƙi,
tuwo ya koma ɗanɗanon ƙusa a bakinsa.
Wata Laraba bayan la'asar
aka fita da shi, ban ga dawowarsa ba.

Shekara tara ke nan.
Yanzu ni ma da ƙarfe nake aiki,
a ɗakin gwaji, hayin kogi, wajen Barnawa,
tagogi a toshe da baƙin yadi.
Rutiniyam sunansa. Gari ne ja kamar jan kanwa,
bai cika bakin cokalin shayi ba.
Nakan naɗe kwalbarsa kamar jinjiri
don kada haske ya tashe shi.

A duhu ba ruwansa da kowa.
Yana shiga ƙwayar cuta, ya shiga lafiyayya,
baƙo ne mai kunya, ya kwanta a zaure.
Sai na saita fitila kan gefe ɗaya na faranti.
Nan ne yake farkawa,
ya damƙi igiyar nan mai tufka biyu
inda cutar ta rubuta wasiyyar 'ya'yanta,
ya ƙulle ta, ya tsinka.
Gefen da ke inuwa ko gezau.

Jiya ana tsakiyar haskawa aka ɗauke wuta.
Kuyet ta ruga ta tada janareta,
ni ina tsaye da agogo a hannu, ina ƙirga asara.
Mako uku na reno ya tafi.
Mun sake shuka wasu.

Kada a ce na ce an samu waraka.
Faranti ba mutum ba ne,
haske ma bai nisa cikin tsoka,
tafiyar da saura, wataƙila ta fi ƙarfin shekaruna.

Amma da asubar nan na duba madubi:
rabi sun mutu, rabi suna nan garau,
iyakar a miƙe kamar ɗinkin waldarka.

Baba, ashe gaskiyarka.
Na kira shi da wuta, ya amsa.