Kasuwar Kulu

A Talatar Mafara ran Talata kasuwa ke ci,
amma ta gidana ba ta san rana ba.
Ina ɗaga labulen zaure,
ƙarar keken ɗinki ba ta bar kunnena ba,
sai in ji: "Baba, tsaya nan. An buɗe."

Kulu, shekara shida, ita ce sarkin kasuwa.
Ta kifa turmi ya zama tebur,
ta jera faifai uku a gindin zogale:
rairayi shi ne shinkafar Bakolori,
tsakuwa wake,
ganyen darbejiya kuwa alayyafo,
na yau ne, in ji ta, da raɓarsa aka tsinko.

Lawali direba ne.
Kwalin taliya motarsa,
murfin tukunya sitiyari,
bakinsa inji, bakinsa kuma oda.
Daga Gusau yake tun ɗazu,
har yanzu bai wuce randa ba.

Nafi'u mai haƙori biyu
shi ke karɓar haraji:
yana rarrafe rumfa rumfa,
abin da ya damƙa sai baki.
Sau uku na ƙwace wake daga kumatunsa.

Aka ƙirga min kuɗina a tafi,
marafan kwalbar lemo guda bakwai
da aka daddaɓe da dutse.
Na tsuguna, gwiwa na ƙara, na taya mudu:
"Biyu."
Ta kama ƙugu, ta kau da kai,
sak uwarta gaban mai manja:
"Albarka."
"To, uku, in kawo gobe."
"Ba ni ba da bashi.
Wanda ya ci na jiya bai dawo ba."
"Wane marar kunya ne wannan?"
"Kai."

Can daga madafa Saratu ta ɗaga murya:
"Wa ya ga ludayina? Ina murfi?
Miya na tafasa a buɗe!"
Lawali ya ƙanƙame sitiyari:
mota ba ta tafiya babu shi.
Ludayi kuwa ya riga ya shiga kasuwa,
har an yi masa kuɗi.
Ta fito da kuka a hannu, tana harara,
dariya na leƙowa ta gefen bakinta,
ta ranci marfi biyu a wurina
ta fanshi kayanta.
Har yau ba ta biya ni ba.

Sai ga takalmina a kan tebur.
Na sayi na dama a marfi ɗaya.
Na hagu ta ce huɗu.
Na ce, "Kulu, ki ji tsoron Allah."
Ta ce, "To, tai da guda."
Ban san wa ya koya mata ba.
Ni dai shekara goma sha biyar ina ɗinki
ban iya wannan ba.

Akuyar maƙwabta ce ta tashi kasuwar.
Ta shigo babu sallama,
ta bi ta kan shinkafa da wake,
ta cafe alayyafo, ta tofar.
Direba ya bar mota ya hau bayana,
mai haraji ya yi tafi,
sarkin kasuwa ta bi ta da tsintsiya
har bakin ƙofa tana kiran kuɗinta.

Ladan ya kira magariba.
Na tafi masallaci da takalmi bashi.
Da na dawo an tayar da turmi,
an wanke hannuwa shida,
muna kewaye da tuwo na gaske,
Nafi'u ya yi barci da loma a hannu.

Washegari a shago,
wani dattijo ya biya kuɗin aikin wuyan riga.
Na sa hannu aljihu neman canji,
na miƙa masa marfin kwalba.
Ya juya shi, ya dube ni, ya ce,
"Tawa jikar da ƙwallon dabino take karɓa."

Na jefa shi cikin akwatin zare.
Anjima zan buƙace shi:
akwai sauran uku a kaina.