Ƙofar Ƙarshe

Ciwon ciki ya kai ni asibiti.
Aka gwada jini, aka haska hanji,
likita ya juya takarda, bai ga komai ba.
Ya ce, "Tanimu, bi barandar nan,
ƙofar ƙarshe, gindin darbejiya."
Na san ƙofar. Duk Garwa ta san ta.
Can ake kai wanda kansa ya kwance.
Na tsaya ina gyara hula
kamar baƙon da ya ɓata hanya.

Ciki ba mari, ba allura.
Kujera biyu, fanka mai tari,
da Madam Asta,
Hausarta da ƙanshin Fulatanci.
Na ɗosana a bakin kujera,
na ce ta yi haƙuri.
Ta ce, "Da me?"
Na laluba, ban sami laifin ba.

Shekara talatin ina taka keke
a rumfa ta uku, layin teloli.
In an taka ni a kasuwa
ni ke cewa a gafarce ni.
Ɗinkin jaka biyar, in ce uku,
mai kaya ya yi shiru, in ce biyu.
In an yaba aikin wuya
sai in ce zaren ne mai kyau.

Laraba ta uku ta tambaye ni:
"Mai ce maka ba ka iya ba,
muryar wa yake ara?"
Na ce tawa ce.
Ta yi shiru. Fanka ta yi tari.
Sai ga Kawu Barau da almakashi,
ina ɗan shekara tara,
na yanka shadda na saki layin alli:
"Hannun nan sai dai cin tuwo."
Sau ɗaya ya faɗa, ya tafi la'asar.
Ni na ɗauka na yi ta bita.
Damina goma sha ɗaya yana ƙasa,
yana zaune a kaina, ba ya biyan haya.

Na yi kuka, da furfurata.
Ba ta ce maza ba sa yi ba.
Ta turo mini ruwa a kofin roba.

Ta ba ni aiki kamar ɗan lakwal:
littafi, kowane dare layi ɗaya,
abin da hannun nan ya yi daidai.
Daren farko har kiran assalatu
takarda fara fat.
Na biyu na rubuta: aljihu ya zauna.
Kunya ta kama ni, na tura shi ƙarƙashin tabarma.

Wata Larabar ban je ba.
Na ce surutu bai taɓa ɗinke ɓaraka ba.
Na hau gada ina kallon Binuwai,
dorina ta leƙo da hanci ta nutse.
Mako na gaba na zo da uzuri cike da baki,
ta ce, "Ajiye shi a ƙofa. Zauna."

Ni ma tela ne, na sani:
ɗinkin da ya karkace ba a fizgarsa.
Zare-zare ake farkewa da bakin reza.
Yadin bai lalace ba,
sai dai sawun allura
da wanki kan rage, bai cika gogewa ba.

Jiya Alhaji Gambo ya zo karɓar riga.
Ya ce, "Nawa?"
Kawu ya yi gyaran murya.
Na ji shi sarai. Na bar shi ya gama.
Na ce, "Jaka takwas."
Gabana na dukan uku-uku,
ban bi ta da "yi haƙuri" ba.
Ya ƙirga, ya ɗaga rigar a rana,
ya ce wuyan ya yi kyau.
Bakina ya buɗe zai ambaci zare,
na kama shi.
Na ce, "Na gode. Kwana huɗu na yi a kansa."

Da dare na jawo littafin.
Layi biyu ya ci.