Allurar Saja Garkuwa

Keken ɗinki nake gyarawa yanzu,
a Herwagana, rumfa ta uku in ka wuce mai faci.
Shekara ashirin ke nan da na tuɓe kaki,
na bar ɗakin makamai, na koma wa zare.

Ran Laraba Hansatu ta shigo da ƙunshi
a tsohuwar atamfa, an ɗaure da igiya.
Na zaci kan keke ne. Ina ɗagawa
nauyin ya gaya mini ko mene ne.
Hannu ba ya mantuwa.

Ta ce, "Ta Baba ce. A gindin akwatin ƙarfe muka gan ta,
ƙarƙashin bargo da katin fansho.
Yaya Sambo na so, wai saboda ɓarayin shanu.
An ce an taɓa gwada ta, ko tari ba ta yi ba.
Baba Tukur, duba mana abin da ke damun ta."

Na tura ƙyaure.
Karatun farko da aka yi mana a bariki:
kowace bindiga mai ciki ce
sai idonka ya ce ba haka ba.
Na zare gidan harsashi, saƙar gizo kawai.
Na leƙa ciki, wayam.
Sannan na ja numfashi.

Tsatsa ta ci gefen hagu kamar kyasbi,
ƙota ta tsage, an liƙe da ƙaro,
lambarta ta shafe, saura bakwai da rabin uku.
Na jiƙa ta a kananzir cikin tsohon kwanon sha
har ladan ya kira la'asar.

Na fara zargin sifirin. Na danna,
ya dawo da ƙarfinsa kamar ɗan sha takwas.
Na zargi kunama. Ta ɗan yi gardama,
ɗigo biyu na man keke, ta sauko.
Na zargi dauɗa, na zura tsumma a bututu,
ya fito baƙi, ya fito ja, ya fito fari.
Na harhaɗa, na ja. Ƙas!
Murya garau, kamar jiya aka ajiye.
To ina ciwon yake?

Na sake warware ta, na ɗauko tabarau,
na matsa bakin taga inda rana ta rage.
Can na ga allurar,
'yar ƙarfen nan da ke buga harsashi ya tashi.
Ta gajarce.
Ba karyewa ta yi ba, karaya na barin haƙora.
Wannan sumul take. Zarto ne ya bi ta,
layi bisa layi, ba gaggawa,
aikin wanda ya raba dare yana yi
bayan yara sun yi barci.

Na san hannun nan.
Mun ci abinci a kwano ɗaya da Saja Garkuwa
kafin a kwashe su Laberiya.
Ya tafi da surutu, ya dawo ba shi da shi.

Na ce, "Hansatu, babanki na yanka kaza?"
Ta yi shiru, ta ce, "Ko ragon layya
maƙwabci yake kira. Shi ya shige ɗaki."

Aljihun teburina cike yake da allurai,
sha huɗu, sha shida, ta ɗinkin fata,
ba wadda za ta shiga nan.
Ko da akwai, ban da ita.

Na goge ƙarfen, na shafa masa mai,
na naɗe a atamfar kamar yadda ya zo.
"Ki ce wa Sambo ba lalacewa ta yi ba.
An gyara ta tun kuna ƙanana.
Gobe in kin shirya, ki zo da katin fanshon,
mu kai ta ofishin 'yan sanda tare."

Ta tambayi kuɗin aiki. Na ce na kananzir ma a bari.

Da ta fita na buɗe ƙyaure,
na jawo keken Asabe mai tsallake ɗinki.
Nata kam allura ce ta lanƙwashe.
Na sa sabuwa.