Rasidin Rana

Ni ce Barira ta layin masu gawayi a Rijiyar Lemo,
mai ƙanƙara da zoɓo da kunun aya.

Shekara uku ina barci da kunne ɗaya,
ɗayan yana jiran firji ya yi tari.
A kawo wuta ƙarfe biyun dare,
in tashi in jera leda,
kafin ruwa ya kama jikinsa an ɗauke.
Da safe in tuttular da asara a kwata.
Bil kuwa bai taɓa makara ba,
shi ba a ɗauke shi.

Sai na haɗa kwasar adashi biyu
da 'yan kunnen da Inna ta bar mini.
Mudassir ɗan yayana ya shiga Sabon Gari,
ya dawo da faranti huɗu ɗaure a kan adaidaita,
baƙaƙe wul, suna sheƙi kamar bayan tarwaɗa.
Ya hau kwano ya kafa su,
ya leƙo ya ce, "Gwaggo, zafin da ke gasa ki
shi zai daskarar miki da ruwa."
Na ce, yaro, bar saɓo.
Washegari da taɓarya na fasa ƙanƙara.

Ran Talata sai ga Sabi'u daga sakatariya,
littafin rasidi a hammata,
ya ɗaga kai yana ƙirga da bakin biro,
ɗaya, biyu, uku, huɗu.
Wai duk mai samar da wuta
akwai abin da zai ajiye.

Na ce, Sabi'u, ga benci.
Kuɗin shago na biya, ga takarda a bango.
Kuɗin shara na biya,
ko da yake bolar ta kusa zama bene.
Allon nan da na rubuta AKWAI ƘANƘARA,
shi ma sai da na biya masa.
Ban yi musu ba, titi naku ne.
Amma nuna mini falwayar da kuka kafa
tsakanin kwanona da sama.
Wa ya ja waya daga gabas?
Wace taransifoma ce ta ƙone a can
kuka zo kuka gyara?

Masu rini a Ƙofar Mata kullum suna shanya,
nawa ne kuɗin bushewar shuɗi?
Maƙwabciyata ta baza kuɓewa a soro,
a wane shafi take a littafinka?
Da damina na tara randa a bakin indararo,
ban ga an ɗaura wa gajimare mita ba.

Ya yi shiru. Zufa ta sauko ta kan hancinsa
ta ɗiga a kan rasidin.
Ya ce, "Hajiya, ni ɗan aike ne."
Na ce, to koma da aike.
Ka ce musu tun da faranti ya hau kwano
janaretan layin nan uku sun yi shiru,
jaririn Ta-Annabi ya daina tarin dare,
ladan ma ya ja waya daga wurina.
In ba za su sa hannu ba,
su ɗauke hannu.
Su bar kwano da rana su ƙare cinikinsu.

Na miƙa masa zoɓo, kofin na raɓa.
Ya shanye, ya juya wayarsa a tafi,
ya ce kwana tara ke nan babu wuta a Kurna,
ko zan taimaka ya ɗan jona caji.

Na jona masa. Ban karɓi ko sisi ba.

Da zai tafi bai yagi takarda ba,
ya dai ce watakila a turo wani.
Ya kai bakin titi, ya dawo,
ya rage murya kamar mai neman bashi:
"Wai nawa faranti ɗaya yanzu?
Ba ni lambar yaron nan."

A bayan littafin rasidin ya rubuta ta.