Layin Fensir

Jikata ta zo da fim ɗin a waya,
ta jingina ta da gwangwanin madara
a tsakar gidanmu na Birni, bayan isha'i.
Ta ce, "Kaka, ga wasanku an sabunta."
Ma'azu ya jawo kujera, ya juyo kunnen da ke ji,
don idanun sun daɗe da ajiye aiki.

Shekara arba'in da ɗoriya ke nan
da na hau dandalin samariya a Zango
da zanen aro, ƙarƙashin fitilar gas biyu.
Ni ce Sahura matar baduku,
wadda mijinta ya ci bashin fata
har aka zo ɗaukar keken ɗinkinsa.
Ma'azu ba ya cikin wasa.
Nasa tsugunno ne bayan labule, littafi a gwiwa,
wanda magana ta ɓace wa, ya raɗa masa.

Sahurar fim fara ce sol.
Ta fara kuka tun ba a gama jera sunaye ba.
Sun hau da ita kan duwatsu ta taka rawa,
ta sauya kaya sau huɗu cikin waƙa ɗaya,
matar da gidanta babu kuɗin gishiri!
Ban tanka ba. Yarinyar ta iya tafiya.
Kuma abu ɗaya na yaba musu:
sun bar namijin ya zubar da hawaye.
A zamaninmu Ilu ya so ya yi,
aka ce baduku ba ya kuka gaban jama'a.

Sai wurin ya matso.

A namu, Sahura ta sayar da tunkiyarta da kwallayenta,
ta biya bashin, ta ajiye takardar gaban miji.
Littafi ya ce: ta durƙusa, ta yi shiru.
Daren nan gwiwata ta ƙi.
Na dubi Ilu, baki ya riga ni:
"Tashi, malam. Ba sayen ka na yi ba,
igiya na kwance.
In za ka zauna, zauna don kana so."

Mata suka rangaɗa guɗa,
wani ya jefo ɓawon rake.
Bayan labule Ma'azu na ta juya shafi,
ya nema sama, ya nema ƙasa, babu.
Sai ya zaro fensir daga bayan kunne
ya rubuta maganar a gefen takarda.
Da fensirin nan ya nemi aurena,
goro daga baya ya zo.

A fim, wanta ne ya iso da mota,
ya zaro kuɗi daga aljihun babbar riga.
Sahura ta zube ƙasa tana godiya,
tunkiyar ma ba su nuna ta ba.
Jikata ta ce, "An ce littafin suka bi, baƙi bayan baƙi."
Gaskiyarsu ne.
Sun bi tawada.
Abin da mace ta faɗa a tsaye
a fensir ya kwana, wa zai ɗauke shi da nauyi?

Kiɗa ya tsagaita, yarinyar na durƙushe,
sai na ji raɗa ta gefen hagu,
irin raɗar da ake yi wa wanda ya manta:
"Tashi, malam..."

Na ƙarasa masa, da ƙarfi,
har kazar maƙwabta ta firgita bisa katanga.
Jikata ta ɗauke wayar daga gwangwani,
ta juyo min ido, ta ce in maimaita.

Ma'azu ya gyara hula.
"Kin makara da numfashi ɗaya," in ji shi,
"kamar wancan daren."