Ganye na Huɗu

Babanmu ya yi wa Bature kuku shekara goma sha tara.
Ranar sallama, maimakon kuɗin wata uku,
aka miƙo masa fitila.
A ka ya ɗauko ta har Nima,
ana tambayarsa, tukunya ce ko laima?

Gindinta tagulla, an murɗa shi kamar saiwar gamji.
A sama gilashi gutsi-gutsi, darma ta riƙe kowanne:
ganyen bado bakwai, fure ɗaya bai gama buɗewa ba,
sai malam-buɗe-littafi mai fiffike ruwan zuma.

Inna ta ce, wannan badon ba ya shiga miya.
Ta shekara ba ta dube ta ba.

Ni na fasa ganye na huɗu, da ƙwallon roba.
Issaka mai gyaran rediyo ya yanko kwalbar lemo,
ya liƙa, ya karɓi kuɗin koko.
Har yau koren wurin ya fi duhu.

In an kawo wuta bayan isha'i
tafki yakan kwanta a silin ɗinmu,
mu da ba mu san ruwa ba sai na kwata.
Da Inna ta tsufa, nan take shimfiɗa tabarma,
ganye yana sauka a bayan hannunta.

Jiya wani ya zo daga Osu, kuɗi a ambulan.
Ya shafa ganyen Issaka,
ya ce wannan ya rage mata daraja.
Na ba shi ruwa ya sha,
na raka shi bakin lungu.